Baƙaƙen Duwatsun Sandamar

An ce wani sarki ya taɓa mulkin birnin Sandamar, can bakin Shuɗin Teku, a zamanin da manyan kunkuru ke jan jiragen ruwa kamar yadda shanu ke jan garma. Duk faɗin duniyar nan tasu babu tashar jiragen da ta kai tasa kwanciyar ruwa, saboda wata doguwar ganuwa ta duwatsu da ta miƙa cikin teku kamar hannun uwa, ta tare igiyar ruwa. Ƙasar kuwa yashi ce zalla, ko dutsen niƙa sai an sayo. Al'ada ce suka gada, duk jirgin da zai shigo sai ya zo da dutse daga ƙasarsa ya ɗora bisa ganuwar. Ga ja, ga fari, ga ruwan toka, kowace ƙasa da irin nata. Baƙin dutse na mutanen tsibirin Lunduma ne, waɗanda ke da unguwa guda a birnin.

Wata rana wani matuƙi Balundume ya shigo da gudun ganganci, kunkurunsa ya banke jirgin da Sambo ƙanin sarki yake ciki. Sambo ya nitse. Aka kama matuƙin, amma zuciyar sarki ba ta huce ba. Ya sa aka yi shela cewa kafin sabon wata ya tsaya, duk Balundume ya bar Sandamar, har da jaririn goye. Ni dai ban ga laifin kukansa ba, ɗan'uwa ne. Amma fushi makaho ne, wanda ya tarar shi yake duka.

Akwai wani dattijo mai hikima, Malam Barau, da ke zaune a wata 'yar bukka gindin ganuwar. Ya dogara sandarsa har fada, ya yi gaisuwa, ya yi ta'aziyya.

Sarki ya ce, "Malam, in roƙo ka zo yi musu, ka huta."

"Allah ya ba ka nasara, tambaya na zo da ita. Mene ne yake ɗauke da mutum tun safe har yamma, amma bai taɓa ganin rana ba?"

Sarki ya ce, "Tafin ƙafa."

"Ka faɗi daidai. Kai ke shan rawani, shi ke shan ƙaya. To, ya sarki, wanda ya ba ka ajiya, in za ka sallame shi, me shari'a ta ce?"

"A mayar masa da kayansa."

"Lundumawa suna da ajiya a wurinka. Ka ba su duwatsunsu su tafi da su, kada a ce Sarkin Sandamar ya kori baƙo ya riƙe masa kaya."

Sarki ya leƙa ta taga. Ya ga baƙaƙen duwatsu jefi-jefi a saman ganuwar, kamar ƙudaje a bakin ƙwarya. Ya ce, "Waɗannan? Jaki ɗaya ya ishe su. A cire, ko tsakuwarsu ba na son gani."

Malam Barau ya ce, "Madalla. Jibi da hantsi teku zai yi babbar janyewarsa ta shekara. Ka zo da kanka, a yi a kan idonka."

Ranar ta zo, ruwa ya ja da baya har ya bar kifaye suna tsalle a taɓo. Sarki ya naɗe rigarsa ya sauka, abin da bai taɓa yi ba, shi da kullum daga sama yake kallo. Tsohon ya miƙa masa sandarsa ya ce ya kankare gansakukar da ta rufe gindin ganuwar. Ya kankare, baƙi. Ya matsa gaba ya sake, baƙi. Ya bi ganuwar har taɓo ya kai masa gwiwa, duk inda sanda ta taɓa baƙi ne wulik, manya-manya kamar rumbuna. Ja da farin nan duk a kansu suke zaune.

Malam Barau ya ce, "Daga ina za mu fara cirewa, ranka ya daɗe? In ta ni ce, mu fara daga ɓangaren fada."

Sarki bai yi dariya ba. Ya ce, "Malam, yaya aka yi haka?"

"Kakanka na farko masunci ne, ba sarki ba. Bukkoki ne a nan, kowace damina teku ya zo ya lashe su. Babu jirgin da ke yarda ya tsaya. Sai wani jirgin Lundumawa ya ɓace hanya, ƙishirwa ta kusa kashe su. Kakanka ya shayar da su daga rijiyarsa, bai tambaye su ko su wane ne ba. Da suka ga yadda ruwa ke cin garin, suka koma gida suka dawo da duwatsu. 'Ya'yansu suka kawo, jikokinsu suka kawo, wasu ma tekun ya cinye su a hanya. Sai da ruwa ya kwanta sannan sauran ƙasashe suka san hanyar Sandamar. Lundumawa kuwa sun daɗe da zama 'yan gari, shi ya sa nasu ya yi ƙaranci a sama."

Sarki ya dafa dutsen. Can ya ce, "To, jinin Sambo fa?"

"Yana wuyan mutum ɗaya, kuma mutumin yana hannunka. Kai shi gaban alƙali."

Sarki bai koma fada ya wanke ƙafa ba. Da taɓonsa ya nufi unguwar Lundumawa. Ya tarar an ɗaure kaya ƙunshi-ƙunshi a ƙofar gidaje. Wata tsohuwa, Iya Kande, tana zaune kan ƙunshinta. Sarki ya durƙusa gabanta ya ce, "Iya, kwance kayanki. Babu inda za ku. Na zo ne in yi godiyar da gidanmu ya manta bai yi ba."

Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Ɗan nan, Allah ya jiƙan ƙaninka, mu ma mun yi kukansa. Amma da ƙyar na ɗaure igiyar nan, hannuna ba ya iya kwance ta. Tunda kai ka sa aka ɗaura, kai za ka kwance."

Sarki ya sa hannu ya kwance, jama'a na kallo.

Shi ya sa mutanen Sandamar ke cewa, mai hukunci ya sauko ƙasa kafin ya yanke, domin adalci ba a hango shi ta taga.