Jacob da Fitilun Murjani

Akwai wani mutum mai suna Jacob da ya zauna a Yangoji wajen shekarar 1974, tun babu wanda ya san za a gina babban birni a wannan yanki. Gonakin doya ne da na dawa ta ko'ina, sai hanyar mota guda ɗaya da ta ratsa.

Jacob ɗan garin ne, amma ya bar shi tun yana saurayi. Shekara ashirin da uku ya yi yana aiki a ɗakin injin manyan jiragen ruwa masu tashi daga Legas. Da ya dawo, ya tarar iyayensa sun rasu, ƙannensa sun watse. Harshen mahaifiyarsa ma ya yi masa nauyi a baki, da Hausa yake gaisawa da sa'o'insa.

Wani ƙaramin asibitin mishan ya ɗauke shi aikin kula da injin wuta. Aka ba shi ɗaki biyu a bayan asibitin, aka ja masa wayar wuta.

Kayan da ya dawo da su ba su da yawa. Mafi nauyi a cikinsu shi ne wani akwatin gilashi mai tsawon hannu biyu, wanda ake cikawa da ruwan teku. A cikinsa akwai murjani guda biyar, masu rai. Ba irin jan dutsen da mata ke sawa a wuya ba. Waɗannan halittu ne da ke manne da dutse a ƙarƙashin teku, suna buɗe ƙananan yatsu masu laushi idan sun ji daɗi, su rufe idan ba su ji ba.

Shi ya kawo su daga wata tafiya, ya ba matarsa Lucy. Allah bai ba su haihuwa ba, kuma yakan yi wata huɗu a kan ruwa bai zo gida ba. Lucy ta ajiye akwatin a baranda, inda ranar safe ke shigowa, ta riƙa kula da su shekara huɗu. Da ta rasu, su ne kaɗai abu mai rai da hannunta ya taɓa wanda ya rage masa.

A Yangoji, Jacob ya kai akwatin can ƙuryar ɗaki. Yana tsoron zafin rana, kuma ba ya son ƙauyawa su cika masa ƙofa da kallo. Ya rataya ƙwan lantarki guda ɗaya mai jan haske a samansa. Ya haɗa ɗan injin hura iska. Duk bayan wata biyu, abokinsa Solomon yakan aiko masa da duro na ruwan teku daga Legas a bayan babbar mota.

Idan ya tashi daga aiki, sai ya ja kujera ya zauna gaban gilashin. Nan yake cin abinci. Wani lokaci yakan ba su labarin abin da injin ya yi yau.

Bayan wata bakwai, ya lura launinsu ya fara gushewa. Masu ruwan ƙasa sun koma kamar kunun da aka tsinka da ruwa. Mai ɗan kore ya dushe. Yatsun ma ba sa buɗewa kamar da.

Akwai wata mata mai suna Asibi da ke kawo itacen girki asibitin, ta ɗauko shi a kafaɗa kamar yadda matan yankin ke yi. Mijinta ya rasu da daɗewa. Sana'arta ta gaske ita ce renon irin tumatir da barkono a bakin rafi, ta sayar wa manoma su dasa. Hausarta ta kasuwa ce, ba ta damu da namiji ko mace a magana ba.

Wata safiya ta ajiye itace, ta ga ƙofarsa a buɗe, ta leƙa.

"Oga Injiniya, wannan abin da kake ɓoye, shi ne wannan?"

"Murjani ne," ya ce, bai juyo ba. "Daga teku."

Ta daɗe tana kallo. "Yunwa yana ji."

"Ina ba su abinci."

"Ba na baki ba. Yunwan rana. Ka taɓa ɗaga tukunya ka ga dawa ya tsiro a ƙasanta? Haka yake fari, ba ƙarfi."

Maganar ta zauna wa Jacob a rai. Ya tuna wani jami'in jirgi ya taɓa gaya masa cewa murjani da haske yake rayuwa, kamar shuka. Ya tuna barandar Lucy. Sai dai bai ce wa Asibi ta yi gaskiya ba.

Ranar Asabar ya hau mota. Ya bi ta tsohon garin Abuja, wanda yanzu ake kira Suleja, ya wuce Kaduna, har shagon wani mai kayan lantarki da ake kira Abraham.

Abraham ya jero masa dogayen ƙwayayen lantarki, irin masu kama da sanda, waɗanda ba sa zafi kamar ƙwan da ya saba. Ya riƙa kunna su ɗaya bayan ɗaya.

"Wannan na ofis ne, Oga, haskensa ya ɗan yi rawaya. Wannan masu sayar da yadi ke saya, fari ne tas kamar tsakar rana. Wannan kuwa shuɗi ne, shekara biyu yana nan babu wanda ya taya. Me za ka haska?"

"Ƙasan teku."

Abraham ya yi dariya, ya ga mutumin ba ya dariya, ya daina. Jacob ya yi masa bayanin akwatin.

Jacob ya sa tafin hannunsa a ƙarƙashin kowane haske yana dubawa. Mai rawaya ya ture shi gefe, domin bai taɓa ganin rawaya a cikin ruwa mai zurfi ba. Ya tsaya a kan shuɗin. Irin wannan launin ya gani ranar da ya nutsa ya ɗebo murjanin, fari a sama, shuɗi a ƙasa.

"Ba ni fari biyu, shuɗi biyu."

"Akwatin naka ya kai girman ɗaki ne? Biyu ma ai sun isa."

"Wata bakwai suna cikin duhu. Zan rama musu."

Ya dawo da su a naɗe cikin bargo, a kan cinyarsa, bai bari sun taɓa ƙasan mota ba. Kwana ɗaya ya yi yana ƙera musu mazauni na katako. Aiki ne mai kyau, domin ya iya aikinsa. Da ya kunna, ɗakin ya cika da haske har sai da ya runtse ido.

Asibi ta zo da itace a daidai lokacin. Ta tsaya bakin ƙofa, ta kare fuska da hannu.

"Kai! Duka huɗu?"

"Ba ke kika ce yunwar rana ba? Ga rana nan."

"Oga, ba haka ake yi ba. Iri na, in ya tsiro, rumfan ciyawa nake masa. Kullum in zare kaɗan, in zare kaɗan, har ya saba. In na yaye rumfa rana ɗaya, kafin la'asar duk ya kwanta. Kunna ɗaya, ka sa zana a tsakani."

"Asibi, wannan ba tumatir ba ne."

"Yana da rai ko ba shi da?"

"Shekara ashirin da uku na yi a kan teku. Ke kin taɓa ganin ruwan da ya fi rafin nan?"

Ta dube shi sama da ƙasa. "Ban gani ba. Amma na gan ka kana yawo ba wando, uwarka tana bin ka da tuwo. Sai anjima, Oga Teku."

Ta ɗauki igiyarta ta tafi. Washegari wata mata daban ce ta kawo itacen.

Rana ta farko, Jacob ya ji daɗi. Launuka sun fito, gilashin yana ƙyalli. Ya bar fitilun a kunne muddin injin yana aiki.

Rana ta uku, murjanin suka rufe yatsunsu, suka ƙi buɗewa. Ya ce baƙunta ce.

Rana ta biyar, biyu da ke sama suka yi fari fat. Naman jikinsu ya fara saɓulewa kamar tsumman da ya ruɓe, ruwan ya fara wari. Ya tsame su, ya sauya ruwa. Ya duba waya, ya duba injin iska, ya ɗanɗana gishirin ruwan. Komai daidai yake. Fitilun kawai ne bai zarga ba, saboda shi ya zaɓe su.

Rana ta takwas ya tsame na uku da na huɗu.

Ya jera su a kan taga, duwatsu huɗu farare masu ramuka. Ya kashe fitilun duka. Ya zauna a kujerarsa, abincinsa ya huce a gefe. Babu wanda zai gaya wa. Ma'aikatan asibitin ba su san abin da ke ɗakin ba. Solomon yana Legas, wasiƙa kuma sai ta yi mako uku.

Saura guda ɗaya, ƙarami, mai ɗan kore, wanda ke can ƙasa. Ya dunƙule kamar ƙulli, rabinsa ya yi fari. Idan ya bar shi a duhu, yunwa za ta kashe shi. Idan ya kunna, haske zai kashe shi.

Da gari ya waye, ya sa takalmi ya nufi rafi. Tun dawowarsa bai taɓa bin wannan hanyar ba, sai da ya tambayi wani makiyayi da ke kora shanu. Ya tarar da Asibi a durƙushe tsakanin ƙananan rumfuna, tana yayyafa ruwa da ƙwarya.

Ya gaishe ta. Ta amsa ba ta ɗago ba.

"Huɗu sun mutu," ya ce.

Ta ci gaba da yayyafi.

"Saura ɗaya. Na matata ne. Ita ta rene su, ni injin kawai na sani." Sannan ya ce, "Na yi miki rashin kunya, Yaya Asibi. Ki yi haƙuri. Ki zo ki duba mini."

Ta ajiye ƙwaryar. Ta zare wata tsohuwar zana daga kan rumfar da ta gama aiki, ta naɗe ta, ta miƙa masa.

"Ɗauka. A kafaɗa, ba a kai ba. Ko wannan ma ka manta?"

A ɗakin, ta tsuguna ta leƙa ta gefen gilashi, ta nuna da yatsa.

"Ka ga abin da ya cece shi? Dutsen nan ya yi masa inuwa. Shi ya samo rumfa da kansa."

Ta sa ya cire ƙwai biyu, ya bar fari ɗaya da shuɗi ɗaya. Ta shimfiɗa zanar a kan bakin akwatin, ƙarƙashin fitilun, har hasken ya koma ɗigo-ɗigo kamar na gindin bishiya. Ta ce ya kunna daga hantsi, ya kashe kafin azahar.

"Bayan kwana uku ka zare kara biyu daga zana. Biyu na ce."

"In bai nuna alama ba fa?"

"Kara biyu."

"Wataƙila da mun ƙara shuɗin..."

"Oga Teku."

Ya bar zanar yadda ta shimfiɗa ta.

Wannan jiran ya fi masa kowace tafiyar teku tsawo. Kwana uku, kara biyu. Sau da yawa hannunsa ya kai kan zanar yana son ya yaye ta, ya janye. Murjanin bai mutu ba, bai kuma motsa ba. Asibi ta koma kawo itace. Takan leƙa, ta ce "Hmm," ta tafi.

A rana ta ashirin da biyu, da hantsi, Jacob ya dawo daga zuba wa injin mai. Ya duba, ya sake dubawa. A gefen da bai yi fari ba, wasu ƙananan yatsu guda shida ko bakwai sun fito, suna kaɗawa a hankali cikin ruwan. Bakinsu kore ne.

Bai taɓa komai ba. Ya fita da gudu, mutum mai shekara kusan hamsin, har rafi.

Asibi ta biyo shi a nata saurin. Ta tsuguna ta daɗe tana kallo. Sai ta ce, ba ta juyo ba:

"Matar nan ta iya reno. Abin da ta rena bai yarda ya mutu ba. Yaya sunanta?"

Jacob ya dubi gilashin. Sai a lokacin ya gane tun da ya sauka a garin nan bai faɗi sunan a gaban kowa ba.

"Lucy," ya ce.

"Lucy," Asibi ta maimaita, tana gyara zama a ƙasa. "To, zauna. Ba ni labarinta. Itacen zai jira."

Ya zauna, ya fara.

Darasi: Ko abin da rai yake buƙata ne, idan aka zuba masa shi gaba ɗaya yakan zama cuta. Gyara yana son haƙuri, kaɗan-kaɗan. Kuma kada iliminka ko yawon duniyarka ya sa ka rena shawarar wanda bai je inda ka je ba. Jacob ya san launin hasken da ya dace, Asibi ta san yadda ake ba da shi, kuma girman kai ya ci masa huɗu cikin biyar kafin ya saurara. Idan kun san wani da ke gaggawar gyara abin da ya daɗe da lalacewa, ko wani da ke zaune shi kaɗai da damuwarsa, ku tura masa wannan labari.