Ruwan da Kefas Ya Roƙa

An yi wani mutum a wani ƙauye can baya, wani bawan Allah mai haƙar rijiya, sunansa Kefas. Rabin rijiyoyin yankin shi ya haƙa su. Amma ku saurara, 'yan'uwa: gidansa babu ruwa! Sau uku yana haƙawa, sau uku yana cin karo da dutse. Matarsa Damaris kuwa, ga ciwon gwiwa, kullum sai ta gangara rafi da tulu.

Kowace safiya Kefas yakan durƙusa a tsakar gida ya ce, "Uba, ka ga ƙafar Damaris. Ka ba mu ruwa kusa. Amma nufinka za a yi." Iyakar addu'ar ke nan. Maƙwabcinsa Gambo sai ya leƙo ta kan danga yana dariya: "Malam Kefas, har yanzu ba a amsa ba? Ɗaga murya mana, wataƙila ba a ji!"

Shekara bakwai ana haka.

Ran nan sai ga Gambo yana sosa ƙeya, wai yana so a haƙa masa rijiya. Damaris ta ce, "Maigida, mutumin da ya mai da mu abin dariya? Ko diga kada ka ɗaga masa."

Kefas ya tashi ya shiga ɗaki. Jim kaɗan ya fito yana murmushi. Ya ce, "Na shiga in kai ƙararsa wurin Ubangiji, sai na tuna ni ma ba don kyan halina Yesu ya karɓe ni ba. Miƙo mini igiya."

Ya haƙa, ya haƙa, ya haƙa. Ran kwana na tara, da hantsi, ruwa ya ɓulɓulo, garau, mai sanyi. Sai aka ji Kefas daga can ƙasa yana rera waƙar yabo, yana tafi cikin taɓo.

Gambo ya leƙa ya ce, "Kai, rijiyar nan fa tawa ce. Murnar me kake yi?"

Kefas ya ce, "Ruwa kusa na roƙa. Taku nawa ne daga nan zuwa madafin Damaris?"

Kunya ta rufe Gambo. Ya ɗauko gatari, ya sare dangar da ke tsakaninsu ya yi ƙofa. Gugan farko, shi da kansa ya kai wa Damaris, har da durƙuso.

To, jama'ar Allah, addu'a ba umarni ba ce da muke ba Ubangiji. Magana ce ta ɗa da Ubansa, kuma takan fara gyara zuciyar mai yin ta. Alheri kuwa kyauta ne: Gambo bai roƙi Allah ba, bai cancanta ba, ya samu. Mu ma haka muka samu ceto. Kai da ka daɗe kana roƙo, kada ka gaji. In kuwa amsar ta sauka a gidan wanda ba ka so, kada ka ɓata rai. Tashi ka yi godiya.