Ɗakunan Zanzaro a Ƙarƙashin Karagar Sarki

An yi wani sarki a wani gari da na taɓa yada zango cikinsa, zamanin ina da ƙafar tafiya. Sunan garin ya kuɓuce mini, na sarkin ma haka, ku yi wa tsoho afuwa. Amma har yau ina ganin tsamiyar ƙofar fadarsa, da karagar katakon da ke gindinta, inda kakanninsa suke zama bayan la'asar su saurari ƙarar talakawa. Al'adar gidan kuwa, tun da aka taɓa yi wa wani kakansa sammu, ba mai kifa karagar nan, ba mai leƙa ƙarƙashinta, sai da izinin sarki. Mai kula da ita wani dattijo ne, Nomau, wanda kullum da safe yake goge samanta, ya shimfiɗa buzu.

Wata rana sarki ya yi manyan baƙi, ya fito cikin farar alkyabba ya zauna. Zamansa ke da wuya sai karaga ta girgiza, busasshiyar laka ta zubo a gefen alkyabbar da kan takalmansa, haɗe da matattun gizo-gizo da fararen tsutsotsi. Baƙi suka sunkuyar da kai.

Sarki ya miƙe a fusace, ya ce, "Ina Nomau? Shekara talatin kana cin tuwon gidan nan, ka bari a liƙa mini ƙazanta a mazaunina? Ko kai ka sa, ko ka san wanda ya sa. Gobe a yi masa bulala tamanin a tsakiyar kasuwa, a fitar da shi daga garina."

Nomau ya faɗi ya ce, "Zaki, wallahi hannuna bai taɓa wuce buzu ba."

Sarki bai ko dube shi ba, ya juya ga wazirinsa Ɗalhatu, ya ce, "Kai da ake yaba wa ilimi, kafin la'asar gobe ka kawo mini mai laifin. In ka kasa, rawaninka ya bi Nomau."

Waziri ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, ba na bukatar gobe. Izini ɗaya nake roƙo: a kifa karagar."

Fadawa suka fara gunaguni. Sarki ya ce, "Kifa ta."

Da aka kifa, sai ga ɗakunan laka jere a lungun katakon kamar ƙananan tuluna, ga zanzaro yana kewayawa da ɗanyar laka a bakinsa. Waziri ya ƙirga su da kan sandarsa, hamsin da biyu, ko da uku, ban riƙe ba.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan ba sammu ba ne, ginin zanzaro ne. Yakan ɗebo laka a bakin rijiya, ya gina ɗaki, ya cusa gizo-gizo don abincin ɗansa, ya liƙe, sannan ya fara wani, kuma ɗaki guda kan ci masa wuni ko fiye. Halinsa kuwa, ba ya gini inda ake motsi. Yaushe rabon sarki da zama a nan?"

Muryar waziri ta ƙaru, ya ce, "To ni zan faɗa, ko da rawanin zai tafi. Tun ruwan farko. Akwai wata gwauruwa, Tabawa, da aka ƙwace wa gona, ta zo gindin tsamiyar nan sau goma sha ɗaya ta koma, har lokacin shuka ya wuce ta. Nomau dokarka ya bi, bai leƙa ba. Zanzaro wuri ya samu ba mai shi, ya gina. In bulalar ta zama dole, Allah ya ba ka nasara, akwai bayan da ya cancance ta, amma ba ni da ikon ambatarsa."

Idanun sarki suka yi ja, hannunsa ya kai ga wuƙar da ke ƙugunsa. Ya zare ta, ya daɗe yana duban waziri, sannan ya durƙusa a gaban baƙinsa ya kankare lakar da kansa har katako ya fito.

Ya tuɓe alkyabbar ya yafa wa Nomau, ya ce, "Baba, ka yafe mini. Daga yau kowace Juma'a ka kifa ta ka kankare, ka toshe lungunan katakon da kakin zuma." Ya ba waziri doki, ko gona ce, Allah shi ne masani. Sannan ya zauna, fuskarsa ba ta saki ba tukuna, ya ce, "A kirawo mini Tabawa, da wanda ya ci gonarta."

Ku sani, ya ku masu karatu, kujerar adalci in mai ita ya ƙaurace mata ba ta zama wofi: wani abu zai tare a ciki, kuma ranar da aka gano shi, talaka za a fara tuhuma.