Fuskar Malam Barau

Ku matso ku ji wannan. Wani tsoho ne, Malam Barau, yana da 'ya Delu da aure ya kai ta Agadas. Wani mai baƙin baki ya je ya ce mata mahaifinta ya rasu, ɓoye mata ake yi. Ga ta kwance ba lafiya, ta ƙi ci, ta ƙi sha. Tsohon kuwa kunnensa ya yi nauyi, ba ya magana a waya. Delu ta ce sai ta ga fuskarsa.

Jikarsa Hansatu, wadda ba ta daɗe da fara koyon hoto ba, ta ɗauko waya. Da yake mai ladabi ce, sai ta durƙusa a gabansa ta ɗauka, rana tana bayansa. Me za a gani? Baƙar inuwa da malfa, ba ido ba hanci. Delu na gani ta fashe da kuka: "Wa kuka ɗora wa malfar Baba?"

Tsohon ya fusata, ya ce, "Ni ba abin wasanku ba ne. Sau ɗaya ya rage muku."

Hankalin Hansatu ya tashi. Ta yini tana ɗaukar tulu hoto a tsakar gida, ana ta yi mata dariya, har ta gano cewa hasken hantsi ya fi taushi, kuma dole ya sauka a fuska, ba a ƙeya ba.

To, amma wa zai ce wa Malam Barau ya juya? Yayarta Laure ce ta san lagonsa. Da hantsi ta jawo ragonsa ta ɗaure a gabas, ta ce, "Kaka, anya ƙafar nan tasa lafiya?" Tsoho ya juyo da kansa.

Sai ga malfa ta rufe idanu da inuwa, ba kuma mai iya cewa ya cire. Ɗan'uwansu Tanimu ya tuɓe farar rigarsa ya shimfiɗa a hannu ƙasa da haɓar tsohon. Haske ya dawo sama, idanu suka fito tar. Hansatu ta danna.

Delu ta daɗe tana kallon hoton, ta yi ajiyar zuciya, ta ce, "Shi ne, har da hararar! Ku ba ni kunu."

To, jama'a, tsakanin Hansatu da Laure da Tanimu, wa Delu za ta fara yi wa godiya?