Gurbi Ɗaya a Makarantar Rafin Kanya

Ku gyara zama, yau ba labarin dariya na kawo muku ba. Ni kaina in na tuna shi raina ɓaci yake yi.

A Rafin Kanya akwai wata 'yar sakandare da mutanen gari suka gina da gayya. Shugabanta Malam Hashimu, dattijo mai saurin fushi, shekararsa goma sha tara yana fama da ita. Rannan sai ga wani jami'in ilimi daga birni. Ko fitowa daga mota bai yi ba, gilashi ya sauke ya miƙo takarda. Wai ɗalibai sittin da biyu ba makaranta ba ce. In baɗi ba su kai ɗari da hamsin ba, kuma rabin 'yan ajin ƙarshe ba su ci jarrabawa ba, za a rufe ta.

Malam Hashimu ya wuni yana huci. Ba shi da kowa sai malaman sa-kai uku, waɗanda ba su taɓa ganin albashin gwamnati ba. Ya tara su ya karanta musu takardar.

Malam Siddi, Bafulatani, ya hau kekensa ya shiga rugage da ƙauyukan Gbagyi. Can ya gano ba ƙin karatu ake yi ba. 'Yan mata na kai nono kasuwa da safe, samari kuma na gona, in sun iso a makare sai bulala, shi ya sa suka daina zuwa. Ya matsa wa Malam Hashimu har aka mai da shiga aji ƙarfe tara. Kare ya cije shi, an kore shi daga gidaje ba adadi, amma ya dawo da yara casa'in da shida.

Tara yara daban, zama tare daban. Da kaka shanu suka shiga gonar wani, rigimar ta biyo yara har aji, iyaye suka yo gayya kowa zai janye nasa. Malama Rifkatu ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Iyayena, sai dai ku bi ta kaina." Kwana tara tana bin gidaje tana ba da haƙuri, ta sha zagi daga kowane ɓangare, har da danginta. Sannan ta zaunar da ɗan manomi da ɗan makiyayi a benci ɗaya, littafi ɗaya tsakaninsu. Ko yaro ɗaya bai tafi ba.

Da jarrabawa ta matso, jami'in nan ya aiko da shawara, marar kunya: a yi wa goma masu ƙoƙari rajista, a ɓoye sauran, sakamako zai yi kyau. Malam Tanimu mai lissafi ya ce Allah ya kiyaye, duk talatin da ɗaya za su zauna. Ya bar gonarsa ciyawa ta cinye, Asabar da Lahadi yana ƙarƙashin mangwaro da allo, har muryarsa ta dushe. Goma sha tara suka ci.

To, wannan karon jami'in ya fito daga mota, har da mai ɗaukar hoto. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi! Ya yi jawabi a kan ƙoƙarin ofishinsa, sannan ya ja Malam Hashimu gefe. Gwamnati ta karɓi makarantar, za ta turo malamanta daga birni. 'Yan sa-kai gurbi ɗaya aka ba su, biyu su kama gabansu.

Malam Hashimu ya ce, "Ranka ya daɗe, lokacin da kare ke cizon mutane, ina malaman birnin suke?"

Jami'in ya duba agogo ya ce, "Baba, suna ɗaya, kafin Alhamis. In babu, gurbin ma ya tafi."

Yau Laraba. Dattijon na zaune da biro a hannu. Ba don Siddi ba, da babu yaran. Ba don Rifkatu ba, da sun watse tun kaka. Tanimu kuwa, ba don shi ba, da yanzu kwaɗo ne a ƙofar. Dukansu suna da bakunan ciyarwa a gida, kuma biyu za su koma hannu rabbana.

To, jama'a, ku da kuke da bakin magana, sunan wa Malam Hashimu zai rubuta?