Gwani da Ruwan da Ya Ƙi Barin Sifirit

A wani kamfanin haɗa magunguna akwai wani ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje da ake kira Gwani. Ya iya aiki kam, amma girman kai ya yi masa katutu. Ko da wasa ba a taɓa jin ya ce bai sani ba.

Wata safiya manaja ya ce yana buƙatar sifirit marar ko ɗigon ruwa kafin ƙarfe huɗu. Gwani ya bugi ƙirji ya ce, "Ranka ya daɗe, in ban kawo ba a sallame ni." Manaja ya ce, "Na riƙe maganarka."

Gwani ya ɗora gaurayen sifirit da ruwa a wuta. Sifirit kan riga ruwa tashi, sai a sanyaya tururin ya ɗiga a kwalba. Ya yi ta tata har ma'auni ya nuna sifirit ya kai kashi casa'in da biyar cikin ɗari. Ya sake tatawa, ma'auni ya ƙi motsi.

Wani dattijo da ya shekara talatin yana wanke kwalaben wurin ya matso ya ce, "Ɗana, nan ne iyakarsa. In ya kai haka tare suke tashi, abin da ke tukunya shi ne a tururin. Wuta ba ta raba su. Je sito ka karɓo garin da ke tsotse ruwa."

Gwani ya ce, "Baba, ka ji da sosonka."

Ƙarfe uku ta yi, ma'auni na nan inda yake. Zufa ta jiƙe masa riga. Ya tuna matarsa da tsohon ciki, tsoro ya kama shi sosai. Ya dubi ƙofar sito, ya dubi dattijon, ya kasa sauke kai ya bi shawararsa. Yana ta roƙon tukunya, "Don Allah, ko kashi ɗaya."

Sai ya murɗa wuta har ƙarshe. Tururi ya fi ƙarfin bututun sanyayawa, ya fantsama, wuta ta kama. Dattijon ne ya janyo shi waje.

Takardar sallama ta same shi a gadon asibiti, hannayensa biyu a naɗe. Bai iya riƙe ta ba, matarsa ce ta karanta masa tana kuka.

Darasi: kowane abu yana da iyakar da ƙarfi ba ya ƙetare ta. In ka kai can, ka sauke kai ka saurari wanda ya riga ka gani, ko da shi ne mafi ƙarancin matsayi a wurin aikin.