Tsohon Tela da Injin Niƙa Gahawa

Akwai wani mutum da kowa ke kira Injiniya, har da matarsa. Aikinsa gyaran manyan janareta na masana'antu, irin waɗanda in aka tayar sai ka ji ƙasa na rawa. Ya iya aikinsa, wannan kam ba wanda zai musa. Matsalarsa ɗaya ce: yana ganin tunda ya san babban inji, to ƙarami ma sai abin da ya ce.

Mahaifinsa tsohon tela ne. Ya yi shekara arba'in da ɗoriya yana taka keke, har ido ya fara gazawa, zare ya daina shiga masa allura. Bayan rasuwar mahaifiyarsu, yayar Injiniya da ke aure a wani gari ta so ta ɗauki tsohon, amma Injiniya ya ce atafau.

"Ina raye Baba ba zai zauna ko'ina ba sai gidana," in ji shi.

Kuma tsakani da Allah ya kyauta. Ya ba shi ɗakin da ke kusa da kicin, ya sa masa sabuwar katifa da fanka da talabijin. Abu ɗaya ne bai ba shi ba, wato abin yi.

In Baba ya ɗauki tsintsiya, a karɓe. In ya ce zai wanke kofinsa, a ce ya huta. Mutumin da ya saba yatsunsa ba sa zama, sai ga shi yana wuni yana kallon bango. Wata rana ya ga surukarsa tana niƙa gahawar safe da wani ɗan inji mai murfi da Injiniya ya sayo a wata tafiyar aiki. Ya tsaya yana kallo kamar mai jin kunya.

"'Yata, ko za ki bar mini wannan?"

"Ai Baba, naka ne daga yau," ta ce tana murmushi.

Tun daga ranar, Baba ya samu aiki. Kullum da safe zai auna 'ya'yan gahawa cokali huɗu, ya zuba, ya rufe murfi, ya danna. Injin ya yi ƙara, ƙanshi ya cika gidan. Shi kansa ba shan gahawar yake ba, ya ce ɗaci gare ta. Abin da yake so kawai ya ga ɗansa ya kurɓa ya gyaɗa kai kafin ya fita.

Sai dai niƙan minti ɗaya ne, sharar kuma ta minti ashirin. Baba zai zare wayar daga soket, ya shimfiɗa jarida, ya ɗauko tsohon buroshin haƙori ya bi lungu-lungu. Sannan ya zaro wata tsohuwar allura daga jikin hularsa, ya lalubi wani ɗan rami a bakin injin ya sosa, ya hura. Haka ya yi wa kekensa na ɗinki duk rayuwarsa, bai taɓa rufe shago bai share shi ba.

Wannan sharar ce take tsaya wa Injiniya a rai. Ran nan ya makara, ya shigo kicin ya tarar da tsohon ya sunkuya da allura.

"Baba, wannan fa ba keken ɗinki ba ne. Kayan lantarki ne. Ba a cusa masa ƙarfe."

"Ai na zare wayar. Akwai wani ɗan rami ne a nan da gari yake..."

"Baba, don Allah. Ni ne injiniya. Ka niƙa kawai ka rufe."

Ya karɓe allurar da buroshin ya jefa a kwandon shara. Baba ya naɗe jaridarsa ya ajiye a kan firji.

Ya ci gaba da niƙawa, ya daina shara kamar yadda aka umarce shi.

Bayan kamar wata ɗaya, wata safiya Baba ya zuba, ya rufe, ya danna. Shiru. Ya sake dannawa. Ko ƙwaƙƙwaran motsi injin bai yi ba. Surukarsa ta canja soket, ta kai shi wanda firji ke ciki, ta jijjiga wayar. Babu labari. Suna cikin haka Injiniya ya shigo yana ɗaura agogo.

Kallo ɗaya ya yi ya yanke hukunci.

"Ka koma sosa shi, ko?"

"Wallahi tun ranar da ka hana ban taɓa ba."

"To ai ka riga ka gama da shi tun can baya. Allurarka ta tsinka wani abu a ciki."

Matarsa ta ce a hankali, "Injiniya, ka bari ka duba tukuna mana."

"Me zan duba? Aikina ne fa!" Ya juya ga mahaifinsa, murya sama. "Abu ɗaya ka roƙa a bar maka a gidan nan, shi ma ka kashe shi. Baba, me ka rasa? Ka ci, ka sha, ka kwanta. Iyakar abin da nake so daga gare ka ke nan. Kada ka sake taɓa mini komai."

Matar ta sunkuyar da kai, don ita ce ta ji kunyar da ya kamata mijinta ya ji. Baba ya dubi hannuwansa, ya goge su a jikin rigarsa duk da ba abin da ya taɓa su.

"To, Injiniya. Allah ya ba ka haƙuri."

Ya koma ɗakinsa. Kwana uku yana fitowa ya ci abinci ya koma, ba ya taɓa ko cokalin da ba nasa ba. In surukarsa ta ja shi da hira, sai ya ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yata," kawai. Ran na huɗu yayar Injiniya ta iso da mota. Baba ne ya kira ta.

"Zan je in ga jikoki," ya ce wa ɗansa.

Injiniya ya saka masa jaka a but ɗin mota, ya ce a sauka lafiya. A ransa ya ce mako ɗaya ne, fushin tsufa zai wuce. Da motar ta tafi, matarsa ta leƙa ɗakin ta dawo idonta ya yi ja.

"Ya tafi da almakashinsa da hoton Mama. Wannan ba tafiyar mako ɗaya ba ce."

Maganar ta soke shi, amma girman kai bai bar shi ya ɗaga waya ba. Sai ya ƙudura a ransa zai buɗe injin, ya nemo wurin da allurar ta lalata, ya nuna wa kowa cewa ba zalunci ya yi ba. Ku ji fa, uba ya bar gida, shi kuma hujja yake nema.

Ranar Asabar da hantsi ya baje kayan aikinsa a teburin cin abinci. Ya kwance gindin injin. Ya gwada fis, lafiya lau. Ya bi wayar da mita tun daga filogi har ciki, ba inda ta tsinke. Ya shinshina kwayil, wato naɗin wayar da ke juya injin, ko zai ji ƙauri, ya auna shi, ƙalau yake. Ya juya haƙoran niƙan da yatsa ko dutse ya maƙale, suka juya sumul. Bai ga ko ƙwarzanen allura ɗaya ba.

Ya mayar ya ɗaure, ya jona, ya danna. Shiru. Ya sake kwancewa. Har azahar yana abu ɗaya, gumi ya jiƙa masa riga.

A bakin titinsu akwai wani mai gyaran rediyo da dutsen guga, wanda shagonsa ƙarƙashin benen wani kanti ne, ko miƙewa sosai ba a iya yi a ciki. Injiniya ya sha wuce shi a mota yana cewa irin waɗannan su ke kashe wa mutane kaya. Ran nan dai ya sa injin a leda, ya duba hagu da dama, ya sunkuya ya shiga.

"Fis lafiya, waya lafiya, kwayil lafiya," ya ce tun kafin ya zauna. "Ina zargin an tsinka wani abu da allura."

Mai gyaran bai ko taɓa sukudireba ba. Ya cire murfin, ya kai bakin injin wajen haske, ya ƙura ido.

"Ranka ya daɗe, ga matsalar a waje, ka tafi ciki nema."

Ya nuna masa wani ɗan rami a gefen bakin. A cikinsa akwai ɗan maɓalli kamar kan ashana.

"In ka rufe murfi, shi yake dannawa, sannan wuta ta wuce. An yi shi ne don kada ya tashi a buɗe ya yanki yatsa. Ita kuma gahawa tana da maiƙo. Garin yakan taru a nan ya daskare, maɓallin ya ƙi sauka. In bai sauka ba, ko shekara za ka yi kana dannawa ba zai tashi ba."

Sai ya jawo durowa, ya ɗauko allura.

Injiniya yana kallo mutumin ya sosa ramin, ya fito da wani ɗan baƙin dunƙule da bai kai ƙwayar shinkafa ba, ya hura, ya rufe murfi, ya danna. Injin ya ɗauka da ƙara kamar ba abin da ya taɓa samunsa.

"Amma wa yake share muku shi a da?" mai gyaran ya tambaya yana leƙa ciki. "Dubi haƙoran nan, kamar jiya aka saya. Wannan mutumin ya san inji. Da alama dai ya ɗan kwana biyu bai taɓa shi ba. Tafiya ya yi?"

"Eh," in ji Injiniya. "Tafiya ya yi."

Washegari ya kama hanya, awa huɗu yana tuƙi ba rediyo. Ya tarar da Baba a baranda, kwandon kayan makarantar jikoki a gabansa, yana lalube yana ɗinka maɓallai. Yayarsa ce ke zura masa zaren. Ta tare ƙanenta a bakin ƙofa, fuska ba walwala.

"Yaya, ina wuni."

"Lafiya. Ka ga maɓallan can? Rabinsu a karkace suke. Haka yaran ke zuwa makaranta da su, kuma ba wanda ya mutu."

Injiniya ya je ya durƙusa a gaban mahaifinsa. Ya kwashe labarin mai gyara duka ya faɗa masa, bai rage komai ba.

"Baba, kai ne da gaskiya. Sharar da kake yi ce take riƙe da shi. Ni na kashe shi da na hana ka. Ka yafe mini, ka zo mu koma gida."

Tsohon ya ja zaren ya ƙulla, ya datse da haƙori.

"Na yafe maka tun kafin motar yayarka ta bar layinku. Kai ɗana ne, ina zan kai fushinka?"

"To mu tafi, Baba. Ɗakinka yana nan yadda ka bar shi."

Baba ya ajiye rigar a cinyarsa, ya ɗago idanun nan da suka yi fari-fari ya dube shi.

"Bari in tambaye ka abu ɗaya. Da mai gyaran nan ya ce maka allurata ce ta lalata shi, da ka zo?"

Injiniya ya buɗe baki zai ce eh. Ya kasa. Bai taɓa yi wa tsohon nan ƙarya ido da ido ba, kuma su biyun duk sun san amsar. Hawaye suka zubo masa, shi da ko a jana'izar mahaifiyarsa ba a ga kukansa ba.

Baba ya dafa kafaɗarsa. "Tashi, ƙasa da sanyi. Ka gaishe mini da 'yata, ka ce na gode." Sannan ya miƙa hannu cikin kwandon ya jawo wata rigar.

Baba bai koma ba. Injiniya ya riƙa zuwa duk ƙarshen wata, ya roƙa, a yi masa murmushi a ce sai wani zuwan. Wata bakwai bayan haka tsohon ya rasu a gidan 'yarsa.

Darasi: Tsoho ba ci da sha kawai yake buƙata a gidanka ba, yana buƙatar ya ji har yanzu yana da amfani. Kada iliminka ya hana ka sauraron wanda ya raine ka, kuma kada ka jira sai an tabbatar maka yana da gaskiya kafin ka ba shi haƙuri. Ko da shi ya lalata, kaya ne, ana gyarawa. In naka iyayen suna raye, ka kira su yau. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, wataƙila akwai wanda zai gyara tun da sauran lokaci.